Hajiya, Har Kin Gaji?

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ka gafarce ni da zan dame ka.

Wanki nake yi a wani asibitin kuɗi a Maraɗi. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi, maigidan asibitin ya ce ko kora, ko rabin yini da rabin albashi. Na zaɓi rabin.

To amma da azahar in na ɗauki mayafina, sai ya ce, “Hajiya, har kin gaji? Ni da na hana a kore ki?” Kunya ta rufe ni, in koma bakin baho har la'asar.

Shin doka ta yarda in tashi da azahar, ko kuwa a biya ni aikin yamman? Wallahi ban iya buɗe baki in tambaye shi. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Mai sauraronka daga Tsibiri.