Ramin Hajiya

Ku matso ku ji, 'ya'yan nan. Gwamnati ce ta biya mini jirgin Malesiya, kakarku Hajiya ta ba ni guzurin kilishi da yaji. Na sauka Bukit Jalil, unguwar da na daɗe ina kira Bokitin Jalilu, direbobi na ta dariya.

Karatuna kan zafin ƙarƙashin ƙasa ne. A haƙa rami mai zurfi, ruwan zafi ya taso, tururinsa ya juya inji, a sami lantarki, a mayar da ruwan ya sake zafi. Ba hayaƙi, ba man janareto, kuma ba ya ƙarewa.

Da korona ta kulle mu a ɗaki, bakina ya ja mini, na yi wa Hajiya wannan bayani a waya.

"Zafin da Allah Ya rufe a ƙasa za ka buɗe? Ka san ko na mene ne? Ana buɗe hanya ka dawo, in ba haka ba, ba da yawuna ba!"

Hankalina ya tashi, don karatun da ba albarkarta ba na so. Jami'a kuma a rufe. Sai na sami tukunya mai murfin matsi, na yanka gwangwanin madara na yi farfela, na cire ɗan injin motar wasan yaron maƙwabci, yana ta kuka, na haɗa da ƙaramin ƙwan fitila.

Da azahar ɗinmu, asubarsu ke nan, na ɗora tukunyar da ruwa a wuta, na kira ta a bidiyo. Tururi ya fito fuuu, farfela ta juya, ƙwai ya kawo! Ina tsalle, sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. Ga mai gidan da nake haya, wata tsohuwa 'yar Sin, da takunkumi har biyu.

"Cannot lah! Gidana za ka ƙona?"

Na ce da yarensu, "Boleh, Anti, boleh!" wato ba matsala. "Karatu ne!"

"Karatu a tukunya? Makan ne wannan, abinci!"

Muna cikin haka aka ɗauke wuta a Kano. Fuskar Hajiya ta ɓace a duhu, ɗan ƙwaina kuwa yana nan yana ci. Sai na ji muryarta.

"Wannan ba a ɗauke shi?"

"In daga ƙasa ne, dare da rana, Hajiya."

"To, haƙa, Allah Ya yi albarka. Amma daga tsakar gidana za ka fara."

Na dawo da digiri, ana ce mini Dakta. Har yau da an ɗauke wuta sai wayata ta yi ƙara: "Dakta, ina ramina?"