Ƙodar Sammy Ta Dace, Jikin Mama Veronica Bai Jira Ba

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, Rabaran da dattawan coci, malamanmu, Sammy da Angela, 'ya'yan marigayiya, jama'ar Roni da baƙinmu na Gwiwa da Kazaure, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya. Ni ce Mas'uda, wadda ta yi aikin unguwarzoma tare da Mama Veronica har muka yi ritaya.

Ta zo mana daga Filato tana budurwa, Hausarta ma ba ta nuna ba. Ta kasance mai hawa bayan babur da damina, ta ratsa taɓo zuwa ƙauyukan Gwiwa don mace ɗaya mai naƙuda. Ta kasance mai faɗa, wannan kowa ya sani. Maigidan da ya hana matarsa awo ba ya son haɗuwa da ita a kasuwa. Ta kasance mai auna hawan jinin kowa, amma nata babu wanda ya auna, har ya cinye mata ƙoda. Wannan yana ci mana rai.

Da aka fara yi mata wankin ƙoda a Kano, Sammy ya ce a gwada shi, ko zai iya ba ta tasa. Ƙodarsa ta dace. Muka yi guɗa, muka ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. Likita ya zaunar da mu, ya dube ni ya ce, "Hajiya, shekarunta ba su kai sittin ba, amma ciwon nan ya tsofar da garkuwar jikinta. Tarin da zai wuce ku, ita zai iya kayar da ita. Bayan dashe kuma sai mun ƙara rage garkuwar, don kada jiki ya ƙi ƙodar. Ba za mu taɓa ta da wata cuta a jiki ba."

Aka hana ta shiga taro, aka sa mata takunkumi. Matar da ba a suna a Roni sai da ita! Ranar da Khairiyya, matar Daudu tela, ta kawo mata jaririnta, ta taga suka gaisa. Ta ce, "Mas'uda, ɗaga min shi in gani." Na ɗaga. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Hannun nan ya karɓi ubansa, yau an hana shi taɓa ɗan."

An sa ranar aikin dashe, sai wurin robar wankin ƙoda da ke wuyanta ya yi ruwa, aka ɗaga. Ta warke, aka sake sa rana, sai zazzaɓi da ciwon haƙarƙari suka kama ta. Daga wannan ba ta tashi ba.

Sammy, ɗana, ka ce min kana jin nauyin ƙodar nan a jikinka. Kada ka ji. Ka bayar, mu shaida ne. Lokaci ne bai karɓa ba. Angela, gidajenmu naki ne, ki shigo kamar yadda uwarki take shigowa.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta. Masu jiran dashe a gadajen asibiti, Allah Ya tsare musu jikinsu har ranarsu ta zo. Mu kuma da ta karɓi 'ya'yanmu da hannunta, Allah Ya sa mu riƙe mata 'ya'ya. Amin.