Gyaran da Ya Bar Ƙofar Mahaifiyata a Kulle

Mai girma shugaban wannan zama, masu girma 'yan majalisa, malamaina, iyayena maza da mata da kuka cika wannan zaure, ina gaishe ku cikin ladabi. Na gode da aka bar ɗalibar sakandare ta tsaya inda manya ke tsayawa. Idan muryata ta yi rawa, a yi mini afuwa.

Mahaifiyata tana aiki a masana'antar ɗinki. Da ma'aikata sun shiga da safe, maigadi zai ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo ta waje, wai don kada a saci yadi. Bara wuta ta tashi a ɗakin guga. Kafin a nemo makulli, ƙanwar mahaifiyata da mata biyu sun cika a jikin ƙofar.

'Yar majalisa guda ce ta kawo ƙudirin hana kulle ma'aikata. Ranar da aka duba shi sashe-sashe, ni da mahaifiyata muna benen 'yan kallo. Saura minti goma a tashi, aka miƙa wa shugaba guntuwar takarda, rubutun hannu, babu suna. Ya karanta da sauri: dokar za ta shafi masana'antu masu ma'aikata ɗari zuwa sama. Aka ce e, aka buga guduma, alhali mai ƙudirin na tsaye, hannunta a sama. Mu kuwa har tafi muka yi, don ba mu gane ba.

A matakala 'yar majalisar ta tare mu, ta ce wa mahaifiyata, “Yaya, ku nawa ne a wurinku?”

“Saba'in da huɗu, tun da ukun nan suka tafi.”

Ta sunkuyar da kai. Nan mahaifiyata ta gane. Ta ce, “Ashe wuta sai ta ƙirga mu kafin ta ci?”

Ba mu ce kada a gyara ƙudiri ba, amma kada garin neman gira a rasa ido. Roƙona na farko, duk gyara a kawo shi a rubuce kwana bakwai kafin zama, a lika shi inda kowa zai gani, da sunan mai shi. Na biyu, kada a jefa ƙuri'a a kansa sai mai ƙudirin ya ba da amsa. Na uku, a rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a. Har yau ban san hannun da ya rubuta takardar nan ba, kuma ina so in sani.

Na so mahaifiyata ta zo ta ji ni, amma tana ciki. Sai ƙarfe biyar za a buɗe musu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare waɗanda ke ciki, ya ba ku ikon yin gaskiya, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.