Gaisuwar da Hauwa ba ta yi wa kakarta ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Hauwa daga Dogo Nini, Potiskum.

Rannan muna kallon katun da 'yata, sai wata yarinya a fim ɗin ta gaida kakarta da yarensu. Hauwa ta ce, "Mama, koya min gaisuwa da Ngizim, in ba Kaka mamaki idan mun je Danchuwa da sallah."

Kunya ta kama ni, domin ni kaina ban iya Ngizim, yaren mahaifiyata, ba. Na ce mata sai gobe.

Kafin sallar, Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa. Tun ranar Hauwa ba ta sake tambayata ba.

Masu sauraro, don Allah wa zai koya mana, ni da ita?