Ɗakin Karatun da Aka Zana a Kwance

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu da malamanmu, shugaban kamfaninmu da abokan aikina, magina da kafintoci da masu haɗa wuta waɗanda suka ɗaga wannan gini daga takarda har ya tsaya da ƙafarsa, maza da mata, manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da Ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗakin karatu, ina kuma gode muku da kuka bar hidimominku kuka zo. An ce in tashi in yi bayanin zanen ginin, tun da ni na zana shi. To, ginin dai ga shi a gabanku, idanunku sun fi bakina iya yaba shi. Abin da ba ku gani ba shi ne inda aka zana shi, kuma a kansa zan yi magana.

Abu na farko shi ne ciwon. Ina da ciwon ƙashin baya wanda yake sauka ta jijiya har tafin ƙafa. Likitoci sun ce ba ya kisa, kuma ba ya tafiya. Ciwo ne marar jini, marar kumburi, wanda ba ya sa a ce wa mutum sannu. Shekaru na yi ina ɓoye shi. Kowane rami a titi sai na ji shi a tsakiyar kaina, kowace matakala ta benen ofishinmu sai na haɗiye kuka kafin in taka ta, sannan in shiga da murmushi.

Ranar da aka damƙa mana wannan aiki, aka tashi daga taro, kowa ya miƙe, ni kuwa na kasa. Na yi kamar ina tattara takardu har ɗakin ya watse. Sai ga abokiyar aikina ta leƙo, injiniyar da muke kira Gaggawa saboda ba ta iya tafiya a hankali ba. Ta ce, "Ke, kujerar ce ta aure ki?" Da ta dubi fuskata, sai ta rufe ƙofa. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Tun kafin ki zo kamfanin nan." Ta ce, "Kuma kika yi gum? Wallahi da lafiyarki ƙalau, da na rankwashe ki."

Abu na biyu shi ne roƙon. Shugaban kamfaninmu yana nan zaune, kuma da izininsa nake faɗar wannan. Da na nemi ya bar ni in riƙa aiki daga gida, ya ce, "Ina tausaya miki ƙwarai. Amma in na yarje miki, gobe kowa bayansa zai fara ciwo. Ki tafi hutu, a ba wani zanen."

Jama'a, wannan ne fa aiki mafi girma da aka taɓa sa a hannuna. Na ce, "Yallaɓai, hutu na mai jiran warkewa ne, ni kuwa ba warkewa nake jira ba. Zamana kake bukata ko zanena?"

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya yi mini tambayar da nake roƙon kowane shugaba ya koya. Ya ce, "Me kike so takamaimai?" Na ce zane a gida, taro ta waya, zuwa wurin gini ranar da ya zama dole, ranar miƙa aiki kuwa kada a ɗaga mini ita. Ya ce, "Mu gwada."

Abu na uku shi ne gidan. Kada wani ya zaci hutawa na tafi yi. Inna ta ce, "Ki ajiye aikin nan mana, mijinki ai bai gaza ba." Na ce, "Inna, ba yunwa ce ta sa ni zane ba." Yayana, wanda kafinta ne, ya zo da tef ɗin awo, ya ƙera mini tebur mai karkata wanda yake riƙe kwamfuta a saman gado. Yana ɗaure kusoshi yana cewa, "Ƙanwata, tun ina saurayi nake yin gadon barci, yau kin sa na yi gadon ofis."

A ofis kuwa wasu suka raɗa mini suna Sarauniyar Katifa. Sunan ya sosa mini rai, sai na shiga aiki babu tsayawa don in rufe bakinsu, har jikina ya kayar da ni. Likitata ta ce, "Kin roƙi sauƙi, an ba ki, kin mayar da shi horo. Bashin wa kike biya?" Daga ranar na koyi yin aiki gwargwadon jiki. In ciwon ya lafa in ja layi, in ya taso in ajiye, in gaya wa abokan aikina gaskiya da wuri. Gaggawa kuwa ta riƙa zagaya wurin gini da waya a hannu tana nuna mini kowane ginshiƙi, ni ina kwance ina cewa, "Koma baya, wancan ya karkace."

Mun miƙa aikin a ranarsa. Kuma ina alfahari, ba na ɓoyewa. Ina alfahari da hanyar gangare da ke bakin ƙofa, wadda mai keken guragu zai hau ba tare da ya roƙi kowa ba. Ina alfahari da dogayen teburan da ke jikin taga, domin wanda ba ya iya zama ya yi karatunsa a tsaye. Ina alfahari da bencin da ke tsakiyar matakala. Ba a makaranta na koyi waɗannan ba, bayana ne ya koya mini.

Saboda haka ina kira ga masu ɗaukar ma'aikata: in ma'aikaci ya zo muku da irin wannan roƙo, ku tambaye shi abin da yake bukata kafin ku yanke hukunci, ku auna shi da aikinsa, ba da ɗumin kujerarsa ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu ciwon da ba a gani: ku yi magana tun da ƙarfinku, ku nemi abin da kuke nema dalla-dalla, kuma kada ku sunkuyar da kai, domin ba sadaka kuke roƙo ba.

Allah Ya sa albarka a wannan gini da duk wanda zai buɗe littafi a cikinsa. Allah Ya saka wa hannayen da suka gina shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu kunnen saurare, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Akwai sauran magana a bakina, amma ƙafata ta ce ya isa haka. Zan je in zauna a gaban idonku duka, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba.

Na gode.