Ƙyallen Hanci

A tashar Gombe ne, shekarar ƙarin albashin Udoji, muna cikin motar Bauci muna jiran ta cika. Wani Alhaji ya hango farar hular nas a jakar matar da ke gefensa.

"Au, ke ma ta asibiti ce? Ku ne masu ɗaure hanci da ƙyalle kamar kun zo yasar masai?"

"Mu ne, Alhaji."

"Gwamnati ta cika muku aljihu, sai ƙyamar mutane. Tsohona yana ɗakin masu tarin fuka. Dattijo guda, a ce yarinya ta rufe hanci a gabansa!"

"Allah ya ba shi lafiya. In ka shiga, gadonsa yana dama ko hagu?"

"Ni ta taga nake miƙa masa kwano. Ina da iyali, baiwar Allah."

"Mu kuwa daga sama muka faɗo."

"Ai ku ciwo ya san ku, ba ya kama ku."

Matar ta yi dogon tari cikin gyale. Alhaji ya tattare babbar riga.

"Wannan fa?"

"Kai ne ɗan Malam Sallau na Dawaki, ashe, wanda ake miƙo wa kwano ta taga. Kullum sai ya ce in cire ƙyallen, wai ko fuskar mutum ɗaya ya gani. Na cire. Yanzu Bauci za ni a ɗauki hoton ƙirjina."

"Direba! Akwai wuri a gaba?"

"Zauna, Alhaji. Ina da ƙyalle a jaka. In ara maka?"