Ɗan Ƙarfen da Ya Tsayar da Ni a Bakin Ƙofa

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ni ne Bulus mai walda na Karmo. A ajinmu na manya na koyi rubutu, shi ya sa na rubuto shaidata da hannuna.

'Yata Rahila ta fara suma a makaranta, leɓunanta su yi baƙi. Likita ya ce sai an ɗauki hoton zuciyarta da ƙwaƙwalwarta a injin MRI. Dole ta kwanta cikin injin ba motsi. In ta motsa, hoton ya lalace, sai an sa ta barci, kuma yana tsoron maganin barcin saboda zuciyarta.

Na ce mata, "Kada ki damu, zan riƙe ƙafarki."

A bakin ɗakin, ma'aikaciyar, wata Hajiya, ta tambaye ni sana'ata. Na ce walda. Ta ce, "Ƙarfe ya taɓa shiga idonka?" Na yi dariya, wane mai walda ne bai sha wannan ba? Akwai ma wanda ya zauna min a idon hagu.

Ta ce, "Oga, ba za ka shiga ba. Maganaɗisun da ke cikin injin nan zai ja shi, ka rasa idon."

Na ce a bar ni, ina da ɗayan. Ta ƙi. Uwar yarinyar kuma tana da ciki, ita ma ba dama.

An san ni da haƙuri, amma ranar na kasa zama. In tashi, in zauna, in leƙa ta gilashi. Injin ya fara bugu kamar ana dukan kwano. Rahila tana kiran "Baba! Baba!" tana shure-shure. Hoton farko ya ɓaci. Likita ya soma maganar allura.

Na durƙusa a wurin. Na ce, "Yesu, ba ƙarfen da zai hana ka shiga. Ka shiga mini!"

Hajiya ta dube ni, ta matsar da kujerarta, ta nuna min abin maganar da take ba marasa lafiya umarni da shi. Ta ce, "Malam, yi addu'ar a nan, tana jin ka. In na ɗaga hannu, ka ce ta riƙe numfashi."

Na yi ta addu'a, ina cewa riƙe, ina cewa saki. Ƙafafun nan suka kwanta. Haleluya! Har aka gama ba ta motsa ba.

Da ta fito ta ce, "Baba, ka fi injin ƙara."

Ƙwaƙwalwa lafiya lau. A zuciya aka ga wata jijiya ta tsuke, aka yi aiki. Ga ta can cikin mawaƙan coci, ta ƙi kallona.

Na gode wa Ubangiji! Ɗan'uwa, in an tsayar da kai a ƙofa, kira shi, ka miƙa masa ɗanka. Amin.